Kwamfutar da Romanus Ya Ƙi Kashewa

Ni ce Fidelia mai kifi. Duk wanda ya bi titin tasha a Kafanchan a shekarun nan ya san shagona, in idonsa bai gani ba hancinsa ya gaya masa. Ƙanena Romanus yana jikina, bango ɗaya ya raba mu: ni da ɗakin sanyi da kwalayen kifi, shi da kwamfutocin mutane cikinsu a buɗe yana tono. Aikin reluwe ne ya kawo iyayenmu daga gabas, amma mu nan aka binne cibiyarmu, kuma in faɗa ya haɗa ni da Roma da Hausa muke yinsa, don ta fi saurin fitowa.

Matarsa Martina 'yar Fadan Kagoma ce, ita ke ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu. Siririya ce, ka ce iska za ta ɗauke ta, amma in ta buɗe baki masu gasa masara a ƙofar coci sai sun bar fifita. Waƙoƙin nata ne, tana wanke-wanke take haɗa su, rabi da yarensu rabi da Hausa, kuma ba ta taɓa rubuta ko ɗaya ba. In ka ce ta rubuta sai ta ce ai suna nan, ina za su je.

Wata rana ta kawo wa Roma abinci shago, ruwan sama ya tsare ta. Shi kuwa ya sayo sabon makirfo yana neman wanda zai gwada a kansa. Ya ce ta yi magana, ta ce me za ta ce wa ƙarfe. Ya ce to ta yi waƙa. Ta yi ta yi har ruwa ya ɗauke. Ina jiyo su ta bango, waƙa, dariya, sai kuma ta tsaya ta yi masa faɗa ya ci tuwonsa kafin ya huce. Duk wannan ya shige cikin kwamfutarsa ta shago. Kafin wata daminar ta zagayo Martina ta rasu. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, muna cewa gobe za ta tashi, sai ga mu muna bin akwati zuwa Fadan Kagoma.

Ba a taɓa ɗaukar ta a kaset ba. Matan zumunta suna rera wasu daga cikin waƙoƙinta, amma kowacce da inda take karkatar da su, muryar kuma ba tata ba. Abin da ya rage na muryar Martina a duniya yana cikin wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu a cikin kwamfutar Roma, wanda su masu aikin ke kira dis. Wani faifai ne ke juyawa a cikinsa, a nan kwamfuta take ajiye duk abin da aka ba ta.

Roma bai taɓa kunna muryar ba, ko sau ɗaya. Yana zuwa aiki, yana cin abin da na tura masa, yana gaisawa da mutane, amma ya daina zama a coci in an fara waƙar baiko, wadda ake yi lokacin tara sadaka. Sai ka gan shi a waje ƙarƙashin mangwaro yana duba agogo kamar mai jiran wani.

Uwar Martina, Mama Lucia, ta san da zancen, domin Martina ta taɓa ba ta labari tana dariya cewa mijinta ya saka ta a akwati. Duk ranar da ta biyo motar masu citta zuwa kasuwa sai ta zo ta zauna a bencin ƙofar shagonsa. Yanar ido ta riga ta fara rufe mata gani, da ƙafa take lalubo bencin.

"Suruki, yaushe ni zan ji yarinya na?"

"Ina shiri, Mama. Ki ƙara haƙuri kaɗan."

"Hakuri yana nan. Ido ne ya tafi, kunne ya rage. Kada shi ma ya tafi."

Tana tafiya sai in shiga in sauke masa. Na ce ya kunna wa tsohuwa ta ji, me ya fi wannan sauƙi? Na ce in ba haka ba ya juye a kaset, ni zan sayo kaset ɗin. Ya ce kaset rediyo ke taunewa, danshi ke ci, ba zai sa Martina a abin da ake juyawa da biro ba. Ya ce sai faifan sidi, wanda ba ya lalacewa, kuma na'urar da ke buga sidi babu ita a duk garin. Na ce to ka zuba a wata kwamfutar. Ya ce duk kwamfutocin Kafanchan babu mai cikin da zai ɗauki waƙa mai tsawon wannan. Duk ƙofar da na buɗe yana da kwaɗon da zai sa mata. Gaskiyar ita ce tsoron jin muryar yake yi, na sani, shi ma ya san na sani. Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma yana hana ni ƙarasa faɗan.

Bayan Ista ta shekarar casa'in da tara dis ɗin ya fara ƙara. Wani ɗan ƙas-ƙas ne, kamar ɓera yana gwada haƙori a katako, ya yi ya bari. Roma ya kira ni na sa kunne. Fuskarsa ta yi toka-toka. Ya ce, "Sista, dis yana mutuwa."

A nan ne jinin babanmu ya motsa. Papa makanike ne a loko, rumfar da ake gyaran jiragen ƙasa. A shekarunsa na ƙarshe kayan gyara sun daina zuwa, kawunan jiragen sun tsufa, duk wanda aka kashe da wuya ya sake tashi. Saboda haka ba sa kashewa. Kan jirgi zai wuni ya kwana yana gurnani a tsaye, ba inda za shi, ana ɗura masa mai don kawai kada ya huce. Da wannan gurnanin muka girma a kwatas ɗin reluwe, ranar da ya yi shiru Papa ba ya iya cin abinci. Roma ya ɗauki dis ɗinsa kamar kan jirgi. Ya ce muddin yana juyawa yana da rai, ranar da ya tsaya ba lallai ya sake juyawa ba. Tun daga ranar bai ƙara kashe kwamfutar ba. Ya jera batiran mota a ƙarƙashin tebur, ya huda bango ya jawo waya zuwa janaretan ɗakin sanyina, in an ɗauke wuta batir ya riƙe kafin in tayar da inji. Zancen kunnawa kuwa ya mutu murus. Ya ce ƙila karatu ɗaya ya rage wa dis ɗin, kuma ba zai ɓata shi ba sai ranar da za a juye a sidi.

Na zama baiwar kwamfuta da girmana. Ba na zuwa biki mai nisa, ba na zama a kasuwa hankali kwance. Akwai ranar da aka yi wahalar mai, aka ɗauke wuta, janareta babu ko ɗigo. Na ga Roma da jarka yana gudu a titi, mutumin da ko kare ya biyo shi ba ya sauri. Ya dawo da man da ya zuƙo da bakinsa daga tankin wani direba, yana tari, batir kuma yana ta kukan ya kusa ƙarewa. Da inji ya tashi ya zauna a ƙasa ya jingina da firijina. Na buɗe baki zan zage shi, sai na kawo masa madara ya sha.

Sai ga gasa. Wani kamfanin sayar da kwamfuta na Kaduna zai buɗe makaranta a garinmu, suna son a yi surutu a kansu, sai suka shirya gasar gudun kwamfuta, suka gayyato masu gyara daga Jos da Kaduna da Akwanga. Da Roma ya gaya mini na tambaye shi ko ƙafa za a sa musu. Ya yi mini bayani. Kowace kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa, kuma masu ƙerawa sun yanka mata iyakar gudun da za ta yi lissafi da shi. Tasa an rubuta mata ɗari uku. Mai wayo yana iya matsa mata ta wuce, sai dai tana ɗaukar zafi, in ba a sanyaya ta ba ta sandare ko ta ƙone. Wanda ya fi kowa matsawa, kwamfutarsa kuma ta gama dogon lissafin da alƙali zai ba ta ba ta sandare ba, shi ya ci. Kyautar na ɗaya na'urar buga sidi ce, irin wadda ake jonawa ta baya da waya, ba sai an kashe komai ba.

"To ka ari wata kwamfutar ka shiga da ita," na ce.

"Sauran duk tsofaffi ne, Sista. Wannan kaɗai ke iya gudu."

"Ka cire dis ɗin ka ajiye a gida."

"In na cire ya tsaya."

"Roma, Martina za ka kai tsere?"

Ya ce in kwantar da hankalina. Akwai matakin da in an kai, ɗari huɗu da hamsin, ƙwaƙwalwa ce kaɗai ke gudu, dis bai san ana yi ba. Sama da nan ne hanyar da ke kai saƙo wurin dis ita ma take ƙara gudu, abin da ke ajiye a ciki ya iya hargitsewa. Shi a nan zai tsaya, kuma ya tabbata babu mai kamo shi, don yana da abin da sauran ba su da shi, wato yaya mai ɗakin sanyi. Ya rantse mini da kabarin Papa ba zai wuce ba.

Ya je wurin wani tsohon abokin aikin Papa ya samo guntun bututun tagulla na tsohon jirgi, mai walda ya toshe gindinsa ya zama kofi mai kauri. Shi ne zai zauna a kan ƙwaƙwalwar a cika shi da ƙanƙara. Ya shafe kewayen wurin da basilin saboda gumin sanyi, tun da damina ce, iska duk ruwa. Ana saura 'yan kwanaki Mama Lucia ta zo, ya durƙusa ya ce mata ranar Lahadi bayan an tashi coci zai kawo mata Martina har gida. Tsohuwa ta lalubo kansa ta dafa, ta ce Ubangiji ya ba shi nasara. Ni na shige ɗakin sanyi na yi kukana, don a can ba mai tambayar me ya sa hancinka ke zuba.

Ranar Asabar aka yi abin, a zauren tsohon kulob na ma'aikatan reluwe, kuma dole a kai kwamfuta can tana aiki. Muka shimfiɗa katifa a baro, muka kwantar da ita, batir biyu a gefe, lema a sama. Roma ke turawa, ni ina gaba ina korar awaki da 'yan acaɓa, ina nuna masa ramuka. Amarya ma ba a tafiya da ita a hankali haka. Da muka zo tsallake layin dogo ya ce ba zai tura ba, muka roƙi 'yan dako suka ɗaga baron cak suka haye da shi. Mutane suna ta tambaya waye ba shi da lafiya. Wani dattijo ya cire hularsa ya tsaya a gefe har muka wuce.

Zauren ya cika da samari masu tabarau da warin waya mai zafi. Kowa da irin haukarsa. Wani ya kewaye tasa da fankokin tebur, wani ya cusa rabin tasa cikin ƙaramin firiji. Wani yaron Jos mai suna Godswill ya zo da lagireton mota da ɗan famfo, ruwa yana zagayawa ta cikin tiyo. Yaro ne mai fara'a, ya zo ya gaishe ni da Anti, ya leƙa kofin tagullar ya yi fito. Alƙalin gasar, Mista Kambai, yana yawo da lasifika a hannu yana kiran lambobi, ana rubutawa a allo da alli.

Roma ya cire fankar da ke kan ƙwaƙwalwar ya ɗora kofin, kwamfuta tana aiki. Ni aikina ƙanƙara: in fasa, in zuba, in zuƙe narkakken ruwan da sirinji, in goge gumi da tsumma. Akwai maɓallin da ke sake tayar da kwamfuta ba tare da wuta ta yanke ba, da shi yake hawa mataki-mataki. Mai fankoki ya faɗi tun da wuri. Ta mai firiji ta yi tartsatsi ta saki hayaƙi, aka yi ta ihu ana dariya, shi kuma ya zauna ya dafe kai. Rana tana rabawa saura mutum biyu, Roma da Godswill, dukansu a ɗari huɗu da hamsin, dukansu sun gama lissafi lafiya.

Sai Godswill ya hau ɗari biyar da 'yan kai. Tasa ta yi ta tangaɗi, amma ta gama. Zaure ya ɗauki tafi.

Mista Kambai ya zo ya tsaya a kanmu. "Oga Romanus, za ka bi shi ko ka sauka?"

Na riƙe hannun rigar Roma. "Ka rantse da kabarin Papa."

"In na sauka babu na'ura, Sista. Dis ɗin nan ba zai kai Kirsimeti ba. Me zan kai wa Mama gobe?"

"Ka kawo Mama shago ka kunna mata ta ji da kunnenta! Ko sau ɗaya ne."

"Sau ɗaya, sannan shi ke nan har abada?"

Na saki hannun rigarsa. Har yau in na tuna ban san wanda ya fi gaskiya tsakaninmu a lokacin ba. Godswill ya leƙo daga teburinsa ya ce, "Bros, dis naka emti ne ko, ba komai ciki? Sama da nan yana cin fayil fa." Roma ya ɗaga masa hannu kawai. Ƙanena ko ciwo ya kai masa ƙashi ba ya faɗa wa baƙo, haka Papa yake.

"Kawo gishiri," ya ce mini.

Gishiri a kan ƙanƙara yana ƙara mata sanyi, kowane mai kifi ya san wannan. Na kwance ƙullin da na zo da shi na zuba, raina a ɓace. Kofin ya yi fari, raɓa ta daskare a jikinsa, yatsuna suka mutu. Roma ya tsallake matakin Godswill ya hau na samansa, ɗari biyar da hamsin da wani abu. Fuskar kwamfuta ta yi baƙi. Ta daɗe a baƙi, har wani a bayanmu ya fara cewa sori. Sannan ta kawo haske. Mista Kambai ya ba ta lissafi. Zaure ya yi tsit, ba ka jin komai sai famfon Godswill da yayyafi a kan kwano, da ƙas-ƙas ɗin nan, wanda yanzu ba ya hutawa. Roma ya ɗora tafinsa a kan dis ɗin, leɓensa yana motsi. Ni ina goge gumi ina kiran Uwa Maryamu a zuci.

Ta gama lissafin.

Samari suka ɗaga Roma sama yana ihu a sauke shi kada a taka waya. Aka ba shi na'urar a kwalinta, aka ɗauki hoto. Na yi murna, na yi guɗa har muryata ta dushe. Ya sauke gudun ya mayar ɗari uku, ya mayar da fanka, muka sake ɗora ta a baro. Godswill ya biyo mu shago, wai yana son ganin yadda na'urar ke aiki kafin ya kama motar Jos.

Da sauran rana muka isa. Roma ya jona na'urar, ya ɓare sabon faifai, ya goge hannunsa a wando. Ya buɗe inda ya ajiye Martina. Da sunanta ya ajiye ta, ni kaina na sha ganin sunan in na shigo shagon. Yanzu babu suna. Wasu alamomi ne birjik, ƙananan akwatuna da ƙugiyoyi, kamar kaza ta bi ta kan rubutu. Ya danna, kwamfuta ta ce ba ta san wannan ba. Ya bi ta wata hanyar, ta ce babu. Godswill ya jawo kujera, suka yi ta gwada dabaru su biyu suna magana ƙasa-ƙasa. Daga ƙarshe suka samo wani guntu da ya yarda ya buɗu. Roma ya kalle ni. Shi da ya yi ta gudun wannan maɓalli tun rasuwarta, ya danna shi da kansa.

Shuuu kawai muka ji, irin ta rediyo in tasha ta rufe. Muka saurara har ƙarshe ko za a ji ko da tari ne. Babu.

"Bros, me ke ciki?" in ji Godswill.

Ni na gaya masa. Yaron ya miƙe tsaye ya ɗora hannu biyu a ka. "Jizos! Ai da ka yi magana! Oga na a Jos yana da irin wannan mashin, da na kawo maka aro. Ni wasa ne ya kawo ni, da ka ce min da na sauka tun a fo-fifti, ɗari huɗu da hamsin ɗin nan." Ya yi ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin, har mota ta kusa barinsa. Ban taɓa jin alheri ya yi mini zafi irin na ranar ba.

Na ce wa Roma ni zan je Fadan Kagoma in gaya wa Mama, shi ya zauna. Ya ce shi ya yi alkawari. Washegari da aka tashi coci muka shiga mota. Ya ɗauko na'urar a kwalinta ya rungume, ban san dalili ba, ina jin ya kasa zuwa hannu rabbana ne. Duk hanya gonakin citta ne kore shar, mata suna dawowa daga sujada da Littafi a ka.

Labarin nasarar ya riga mu isa. Mama Lucia ta gaya wa unguwa duka. An aro benci daga coci an jera a tsakar gida, matan zumunta sun zo da zanensu iri ɗaya, ana ta zuba faten acca a kwanuka. Wani malamin firamare ya kawo rediyonsa mai cin sidi, ya ɗora a kan tebur, ya jona da batir. Muna saukowa aka kaure da guɗa. Mama tana zaune a tsakiya a kan kujerar katako, ta ci ado, tana juya kai wajen da take jin tafiyarmu.

Roma ya durƙusa a gabanta. Ta miƙa hannu ta taɓo kwalin, ta karɓe shi ta ɗora a cinya.

"Shi ke nan? Kai, yana da nauyi." Ta shafa shi da tafinta, tana murmushi. "Malam, zo ka kunna."

"Mama," in ji Roma. Ya gaya mata duka, bai rage komai ba, bai ɗora wa kowa ba. Ya ce an gargaɗe shi ya tsaya, shi ya ƙi. Masu zuba fate suka tsaya da ludayi a hannu.

"Duka ya tafi?"

"Duka, Mama."

Hannunta yana kan kwalin. Na ɗauka za ta fasa kuka ko ta tsine masa, kuma da ta yi haka da ya fi mini sauƙi. Sai ta ce a hankali, "To kai ka gaya mini. Wane waka ya fara yi? Ya kira suna na a ciki?"

Roma ya rufe ido yana nema. Ranar da aka ɗauki muryar hankalinsa yana kan makirfo, yana murɗa wannan yana gyara wancan, rabin waƙar kuma da yaren da bai iya ba ne. Ya ce, "Ban riƙe ba, Mama."

"Amma bayan ya mutu kana ji ai. Kai ne da akwati."

"Ban taɓa kunnawa ba."

"Ko so daya?"

"Ko sau ɗaya."

Ta juya fuskarta wajen matan zumunta, ta juyo wajena, idanun nan farare suna neman wanda zai ƙaryata shi.

"To duk kwanakin nan yarinya na yana waka a cikin akwati shi kadai, ba wanda yana ji?"

Malamin ya cire wayar rediyonsa daga batir yana naɗewa, matan suka fara kwashe bencin da aka aro. Roma yana nan a durƙushe, ita kuma ba ta saki kwalin ba.